Matar kawuna ta kai ƙanwata aikatau Saudiyya, yanzu kuma autarmu take shirin kaiwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Anti, ina gaishe ki tare da abokan aikinki, ya ƙoƙari, ya haƙuri da mu? Allah ya saka muku da alheri. Ina roƙon a sakaya sunana da na unguwarmu. Na san duk da haka akwai waɗanda za su gane mu, domin gidanmu ba a kashe rediyo lokacin shirinki, amma abin ya kai inda ba zan iya ci gaba da haɗiye shi ba.

Ni malamar firamare ce a Kano, ina da aure da yara. Mu uku ne wajen mahaifiyarmu, duk mata, ni ce babba. Tun rasuwar mahaifinmu Inna take zaune a wani sashe na gidan yayanta. Kawun nan namu shi ya riƙe mu, shi ya aurar da ni da mai bi na, har kayan ɗaki shi ya yi mana. Na fara da wannan ne don ki san nauyin mutumin a wuyanmu kafin ki ji sauran. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta daɗe tana safara tsakanin Kano da Jidda, tana kawo dogayen riguna da turare da dabino. Daga baya muka ji ta shiga abin da take kira harkar biza.

Auren ƙanwata ya mutu, ta dawo gida da yara biyu, uban kuwa ko sabulu ba ya aikowa. Ta kama soya awara da yin zoɓo a ƙofar gida, tana rufa wa kanta asiri daidai gwargwado. Da aka cire tallafin mai a 2023, waken suya da man gyaɗa suka yi tashin da jarinta bai iya bi ba, sai ta koma cin bashi kafin ta ɗora tukunya. A wannan halin Hajiya ta kira ta ɗaki ta ce ta samo mata hanya.

Ga abin da aka faɗa mata, kuma a gabana aka maimaita: a Makka za ta zauna, gidan wata tsohuwa ita kaɗai, aikinta ta ba ta magani ta dafa mata abinci. Riyal 1,000 duk wata. Ranar Juma'a tata ce, ta je Harami ta yi ɗawafinta. Shekara biyu ta dawo, in Allah ya sa ma ta sauke farali kafin nan. Hajiya za ta biya kuɗin fasfo da gwajin asibiti da tikiti, ta cire abinta daga albashin wata huɗu na farko. Anti, ki yi lissafin da muka yi. Bayan faɗuwar naira, riyal ɗaya ya kai wajen naira 400, wato kusan naira 400,000 ke nan a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Ya ninka abin da nake ɗauka sau da yawa, ni da na yi karatu. Inna kuwa ba kuɗin ne ya ja ta ba, jin sunan Makka ne. Cewa take yi wa ya isa ya hana 'yarsa zama maƙwabciyar Ɗakin Allah.

Kafin tafiya Hajiya ta ɗauko Alƙur'ani ta sa ƙanwata ta yi alwala ta dafa, ta rantse ba za ta gudu daga inda aka kai ta ba, ba kuma za ta ci mata kuɗi ba. Sannan aka kawo wata takarda da Larabci da Turanci ta dangwala yatsa. Ba a karanta mata ba, ba a bar mata kwafi ba.

A Riyad suka sauka, ba Jidda ba. Wani mutum ya tarbe su su da yawa, ya tattara fasfo ɗinsu a leda, aka kai su wani ofis da suke ce wa maktab. Daga nan aka sa ta a mota, tafiya mai nisa, sai ga ta a Ha'il, can arewacin ƙasar. Har yau da nake rubuta miki wasiƙar nan, shekara ɗaya da watanni, ba ta sa Ka'aba a idonta ba.

Gidan da aka kai ta bene ne hawa uku, mai cike da yara da baƙi. Tana tashi kafin asuba, ba ta kwanciya sai dare ya raba. Da azumi kuwa ta ce sai bayan sahur take samun ta miƙe bayanta, rana na fitowa a tashe ta. Idan ta gama na gidan sai a sa ta a mota a kai ta gidan uwar matar, ko gidan ƙanwarta, ta share ta wanke, ba ƙarin ko sisi. An karɓe wayarta, sai ran da aka ga dama a ba ta ta kira gida. Wata rana ta kira ni ta bidiyo, na ga wayar tana ta rawa, na ce ta riƙe da kyau mana. Sai ta jingina ta da bango ta ɗago mini hannayenta biyu. Tafin duk ya tsattsage saboda ruwan bilic, fatar tsakanin yatsu ta yi fari ta saɓule, farce biyu sun fita. Ta ce ta roƙi safar hannu, matar ta ce ba a gidan sarauta aka haife ta ba. Yarinyar da a unguwarmu ake layi wajenta ƙunshi ranar jajiberin salla.

Bayan wasu watanni, ba tare da an tambaye ta ba, aka ce ta haɗa kayanta. Wani mutum ya zo, suka zauna da mai gidan a falo, ta kai musu gahawa, tana jin suna ja-in-ja a kan kuɗi, ba ta san a kanta ake yi ba sai da aka ce ta bi shi. A sabon gidan, ranar da ta ce ba ta da lafiya tana son a mayar da ita ofis, matar ta ce mata da kuɗinta ta saye ta, kuma ba ta fanshe ba tukuna. A wani ɗan ɗakin ajiya take kwana, kusa da injin wanki, ƙofar ba ta da sakata. Akwai babban ɗan gidan da ke zuwa yana taɓa ƙofar cikin dare. Tukunyar gas take gangarowa ta tokare, ta kwanta da ƙafarta a jiki don ta ji in an turo. Wannan maganar ni kaɗai ta faɗa wa, ta ce in Inna ta ji ba ta yafe mini ba.

Sai batun albashi. Matar gidan ta ce mata riyal 800 take biya duk wata, ba 1,000 ba, kuma ba ta taɓa fashi ba, amma ba a hannun ƙanwata take sawa ba, wani asusu aka ba ta tun farko. Wata huɗun da aka yi alkawari ya zama takwas, takwas ya zama shekara. Abin da muke gani shi ne, lokaci-lokaci Hajiya ta leƙo sashen Inna ta ajiye naira 40,000 ko 50,000 ta ce ga saƙon 'yarki. Inna ta yi ta sa albarka. Da kuɗin aka gyara rufin ɗakin da ke yoyo, da shi ake biya wa yaran kuɗin Islamiyya.

Na je na sami Hajiya cikin ladabi, har ƙasa na durƙusa, na ce ina son a nuna mini lissafin bashin. Ta wanke ni tas. Ta ce aikatau ba hutu ba ne, ƙanwata raki ne da ita tun tana yarinya. Ta ce wa ya ɗaure ta ya kai ta, ba da ƙafarta ta hau jirgi ba? Ta ce dala ta tashi, abin da ta kashe ya ninka, in muna son ta dawo kafin wa'adi mu kawo naira miliyan uku ta mayar wa mutanen can. Sannan ta rage murya ta ce in gaya mata kada ta kuskura ta gudu, don za a buga mata hurub, wato rahoton ta tsere, ta ƙare a tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, kuma ta tuna ta dafa Alƙur'ani. Na kai maganar gaban Kawu, ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata, amma dai in tuna wanda ya rufa mana asiri lokacin da dangin ubanmu suka watse. Inna kuma kuka ta sa mini, ta ce a gidan mutum take zaune, kada in ja mata tonon asiri da tsufanta. Tana da hawan jini, ranar sai da muka kwana a asibiti.

Maigidana ya haɗa ni da wani abokinsa da ya yi shekaru yana tuƙi a can, shi ya warware mini yadda abin yake. Ya ce a tsarin kafala, takardar zamanka, wato igama, a ɗaure take da sunan wanda ya ɗauko ka. Shi ne kafilinka, ba ka canza gida ba ka fita ƙasar sai da hannunsa. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wannan tsari ga ma'aikatan kamfanoni, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba. Wato waɗanda suka fi buƙata su aka bari. Ya ce dokar ƙasar da kanta ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, kuma akwai inda ake kai ƙara in an hana mutum haƙƙinsa. To amma matar da ba ta taka ƙofar gida sai da direba, ba ta da waya a hannu, Larabcinta bai wuce na kicin ba, ta ina za ta kai ƙarar? In ta gudu, kafili ya kai rahoto cewa ta tsere, shi ne hurub ɗin, sai ta koma mai laifi a idon hukuma. In an kama ta sai gidan tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, ta zauna har ranar da aka samu jirgi, ta dawo hannu wofi. Ya ƙara da cewa wasu masu gida kan ƙulla wa 'yar aiki sharrin sata in suka ga za ta kufce musu. Waɗanda suka gudu ba a kama su ba kuma, da yawa suna faɗawa hannun 'yan'uwanmu mazauna can, masu ba da su haya gida-gida suna karɓar rabin kuɗin. Ofishin jakadancinmu yana Riyad, ƙaramin ofishin yana Jidda, dukansu nesa da inda take.

Anti, da ina jin labarin safarar mutane, tunanina yana tafiya wajen 'yan matan Edo da ake kaiwa Italiya, ko bidiyon nan da CNN ta fitar a 2017 na gwanjon mutane a Libiya, ana taya namiji dala 400. Ban kawo cewa za a yi shi a tsakar gidanmu ba, da sallama da addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Sai da na fara bibiya na ga ba sabon abu ba ne. A 2019 sashen Larabci na BBC ya bankaɗo yadda ake tallar 'yan aikin gida ta manhajojin waya a Kuwait da Saudiyya, ana rubuta shekarunsu da farashinsu. A 2020 wani mutum a Labanon ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook ya ce dala 1,000 yake sayar da ita. An ce Saudiyya ta haramta bauta tun 1962. To ni dai ban san sunan da zan ba abin da aka yi a falon nan da ƙanwata ta kai gahawa ba in ba ciniki ba.

Ba na cewa duk wadda ta je haka take samu. 'Yar maƙwabtanmu ta yi shekara huɗu a Madina wajen mutanen kirki, ta dawo ta sayi fili ta kai uwarta Umara. Ita ce ma hujjar Hajiya a kan kowa. Kuma in za a faɗi gaskiya, mu ma nan ba mu wanku ba. A layinmu kaɗai akwai gidaje da ke da yara 'yan aiki da dillaliya ta kwaso daga ƙauye, wasu ba su kai na ajin da nake koyarwa ba, su ne farkon tashi su ne ƙarshen kwanciya, kuɗin kuma dillaliyar ce ke zuwa karɓa ƙarshen wata. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta ce ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai. Ban taɓa ganin wanda ya fasa saboda haka ba. Ina ganin shi ya sa da na faɗa wa wasu halin da ƙanwata ke ciki suka ce to ai aikatau ya gaji haka.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne autarmu. Shekararta 17, bana ta gama sakandare. Kwanan nan na gano Hajiya ta kai ta an yi mata fasfo, an rubuta shekara 23, tunda dokar can ta hana ɗaukar 'yar aikin da ba ta kai 21 ba. Ita yarinyar ɗoki take yi. Tana kallon 'yan mata a TikTok cikin abaya a manyan kantuna, ga kuma hoton da yayarta ta turo da salla, wanda matar gidan ta ba ta aron riga ta ɗauka don a turo gida. Da na ce ba za ta je ba, ta ce ni ina ɗakin mijina ina cin mai kyau, so nake ta tsufa tana wanke-wanken gidan Kawu. Ban iya faɗa mata zancen tukunyar gas ba saboda alkawarin da na ɗauka. Ita ma ƙanwar tawa, da na ce ta yi wa auta magana da bakinta, sai ta ce tana tsoron Hajiya ta ji ta kira mutanen can a ƙara ƙuntata mata.

Na san akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa tun 2003 don wannan aikin, kuma suna da ofis a Kano. Na ji a wani shiri an ce yardar mutum ba ta wanke wanda ya kai shi in da yaudara aka samo yardar, wato maganar Hajiya ta cewa da ƙafarta ta hau jirgi ba hujja ba ce. Na san akwai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta, na sha ji a labarai sun taimaka an dawo da mata daga Labanon da wasu ƙasashe. Na adana saƙonnin murya da ƙanwata ta turo, da hoton hannayenta, da hoton bizarta da na ɗauka kafin ta tafi, mai ɗauke da sunan kafilin farko. Maigidana ya ce in na shirya shi zai raka ni. Sau da yawa nakan sa hijabi da niyyar tafiya in koma in zauna.

Gaba kura baya sayaki, Anti. In na kai ƙara aka kama Hajiya, ranar Inna za ta bar gidan nan, mu kuma ɗaki biyu muke haya. Dangi za su ce 'yar da Kawu ya aurar ita ta kai matarsa gaban hukuma, kuma wannan tabon har 'ya'yana zai bi. Ban kuma san me zai sami ƙanwata a tsakanin ranar da aka kama Hajiya da ranar da taimako zai isa gare ta ba, tunda Hajiya ce kaɗai ke da lambar mutanen ofis ɗin can, ita kaɗai ta san gidan da aka mayar da ita. Ita kanta ƙanwar tawa ba ta san sunan unguwar ba, sai masallacin da take hangowa daga saman bene in ta je shanya. Akwai hanyar da za a bi hukuma ta fara ciro ta kafin a taɓa wadda ta kai ta? Ana ɓoye sunan wanda ya kai rahoto? In na nemi a ceto ƙanwata kawai, ban nemi a ɗaure kowa ba, ana saurarar irin wannan, ko da zarar magana ta shiga ofis ta fita daga hannuna? Wasu sun ce in fara da mai unguwa ko Hisba a yi sulhu a cikin gida. Ina tsoron sulhun ya ƙare a kan a ba ni haƙuri, Hajiya kuma ta gane na fara motsi ta gaggauta fitar da auta.

Ina kuma roƙon ki tambayar mana malamin da kike gayyatowa game da rantsuwar nan, domin ta fi fasfon ɗaure ƙanwata. Ko da na ce mata za mu nemi hanya, sai ta ce ta dafa Alƙur'ani, tana tsoron ya ci ta ko ya ci 'ya'yanta. Rantsuwar da aka karɓa a kan Makka da tsohuwa ɗaya da riyal 1,000, alhali babu ko ɗaya a ciki da ya tabbata, tana nan a wuyanta? In tana nan, kaffara ta isar mata? Na ji a 2018 Oba na Benin, babban basaraken jihar Edo, ya tara masu tsafin ƙasarsa ya warware rantsuwar da ake sa 'yan matan da ake kaiwa Turai, har wasu suka samu ƙarfin yin magana. Namu malaman in suka fito suka yi bayani a fili, ina ganin mata da yawa za su samu sauƙi. Kullum ana karanta mini hadisin mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba, kuma ina tsoronsa. Amma a Islamiyya an karantar da mu wani a Bukhari, inda Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar Alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunansa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa ya hana shi ladansa. Ina son malam ya faɗa mini ko kai ƙarar wanda ya haɗa ukun nan yanke zumunci ne.

Sai maganar Inna. Shin in karya alkawarin da na yi wa ƙanwata in faɗa mata komai, har da zancen ɗan gidan, ko da jininta zai hau? Ina da yaƙinin in ta ji wannan, da kanta za ta karɓe fasfon auta. Amma likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali.

Hajiya ta faɗa wa Inna bizar auta za ta fito kafin ƙarshen wata mai kamawa, har an fara ɗinka mata kaya. Don Allah Anti, in da hali a karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon. In akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan hali a can ta fito, ko wanda ya taɓa ciro tasa, ina roƙon su kira su faɗi ƙofar da suka fara ƙwanƙwasawa da takardun da aka nema a wajensu.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Taki,
Wata mai sauraro daga Kano